Kofunan Kano Pillars da Tambayar Wane ne Ke Riƙe da Ƙungiya

Tarihin ƙungiyar wasanni ta ƙwararru, wato wadda 'yan wasanta ke karɓar albashi su kuma ɗauki wasan a matsayin sana'a, akan rubuta shi ne ta hanyar jera kofunan da ta ci da sunayen gwanayen da suka ratsa ta cikinta, amma irin wannan lissafi ba ya bayyana dalilin da ya sa wata ƙungiya ke tashe na 'yan shekaru sannan ta dusashe, wata kuma ta faɗi ta sake miƙewa. Abin da ya fi bayyana hakan shi ne sanin wanda ke biyan kuɗi, da abin da yake nema a madadin kuɗin nasa. Kano Pillars, wadda ita ce ƙungiyar ƙwallon ƙafa mafi yawan nasarori a gasar ƙasa daga duk faɗin ƙasar Hausa, mallakar gwamnatin jiha ce, kuma wannan maƙala na ganin cewa daga nan ne ƙarfinta da rauninta duka suka samo asali. Kwatanta ta da CSKA ta Mosko, ƙungiyar wasan hoki ta rundunar sojan tsohuwar Tarayyar Sobiyat, zai fito da wannan hujja fili, domin babu inda aka gwada riƙon hukuma ga ƙungiyar wasa har iyakarsa kamar can.

An kafa Kano Pillars a 1990, shekarar da Najeriya ta soma gasar ƙwallon ƙafa ta ƙwararru, ta hanyar haɗe ƙungiyoyi uku na birnin Kano, wato WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North, kuma Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta Najeriya, yana cikin waɗanda suka jagoranci aikin. Sunayen ƙungiyoyin da aka haɗe sun isa su nuna yadda ƙwallon ƙafa take a wancan zamani, domin WRECA hukumar ruwa da gine-gine ce ta Jihar Kano, Bank of the North kuwa banki ne na jihohin Arewa, kuma ƙungiyoyi irin waɗannan sun dogara ne da ma'aikatar da ta haife su. Kano ba baƙuwar nasara ba ce kafin wannan lokaci, tunda Raccah Rovers ta ci gasar ƙasa a 1978, shekara shida bayan Mighty Jets ta Jos ta ci ta farko a 1972. Sai dai ƙungiyoyin attajirai da na kamfanoni sukan mutu idan mai riƙe da su ya gaji, shi ya sa aka ga cewa gwamnati ce kaɗai ke da aljihun da zai jure ɗawainiyar gasar ƙwararru.

Sai da aka yi shekara goma sha takwas kafin wannan lissafi ya haifar da kambu. A 2008, ƙarƙashin mai horarwa Kadiri Ikhana, wanda ya ci wa Enyimba ta Aba kofin zakarun Afirka a 2003, Pillars ta lashe gasar Firimiya ta Najeriya karon farko, abin da ya ba ta damar shiga gasar zakarun nahiya a shekarar da ta biyo baya. Wannan tafiya ta 2009 ita ce ƙololuwar tarihin ƙungiyar, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. A zagayen da ke gab da matakin rukuni an haɗa ta da Al Ahly ta Masar, wadda ke riƙe da kofin a lokacin kuma ta fi kowace ƙungiya cin sa. Aka tashi 1-1 a Najeriya, sannan aka yi 2-2 a Alƙahira, Pillars ta wuce bisa ƙa'idar da ke fifita ƙwallon da aka zura a gidan abokin hamayya idan jimilla ta zo daidai. A matakin rukuni ta sami kanta tare da Al Hilal da Al Merreikh na Sudan da ZESCO United ta Zambiya, ta kuma ƙare a saman teburi. Abin takaici ga magoya bayanta shi ne, ba wata ƙungiyar Larabawa ko ta Kongo ce ta tare mata hanya ba, 'yar gida ce, Heartland ta Owerri, wadda ta ɗura mata ƙwallo huɗu babu ko ɗaya a wasan farko na kusa da ƙarshe, ta kuma bi ta har gida ta ƙara mata ɗaya.

Shekarun 2012 da 2013 da 2014 sun kawo kambuna uku a jere, biyu na farko a hannun Mohammed Baba Ganaru, na uku a hannun Okey Emordi, bajintar da Iwuanyanwu Nationale da Enyimba suka riga ta yi. Ya dace a lura cewa kambun 2008 ya zo a mulkin Malam Ibrahim Shekarau, ukun baya kuma a mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso, mutum biyu da ba sa ga maciji a siyasa a wancan lokaci, wanda ke nuna cewa ƙungiyar ta kai matsayin da babu gwamnan da zai iya yin watsi da ita ba tare da ya ji a jikinsa ba. Ginshiƙin waɗannan nasarori shi ne filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, domin Pillars ta yi wasannin gasa sama da 200 a gida, daga 2003 har zuwa Agustan 2015, ba tare da an doke ta ba, sai da Nasarawa United ta zo ta ci ta 2-1. Taken da magoya baya ke rerawa na "Sai masu gida" ya yi daidai da wannan tarihi.

Amma wajibi ne mai nazari ya dubi wannan bajinta da ido biyu. Gasar Najeriya ta daɗe da yin suna wajen wahalar cin wasa a waje, saboda doguwar tafiya a mota, da matsin da taron 'yan kallo ke yi wa alƙalin wasa, da rashin tsaro a filaye, har ta kai ƙungiya kan iya zama zakara da nasarorin gida da 'yan canjaras kaɗan a waje. Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne gasar nahiya, kuma a nan ƙungiyar da ta ci kambu uku a jere ba ta ko kai matakin rukuni ba: a 2013 ta ci AC Léopards ta Kongo Brazzaville 4-1 a Kano amma aka rama mata 3-0 a can, a 2014 AS Vita ta Kinshasa ta fitar da ita tun a zagayen share fage, a 2015 kuma Moghreb Tétouan ta Maroko ta yi waje da ita. Wannan ba ya rage darajar kambunan, amma yana nuna cewa kuɗin gwamnati ya iya tara gwanayen cikin gida na kaka ɗaya ko biyu, bai kuma gina abin da zai tsaya a gaban ƙungiyoyin da ke da tsari mai ɗorewa ba.

A nan ne kwatanci da CSKA ke da amfani. Hoki na kan ƙanƙara wasa ne da ake yi a fili mai daskararren ruwa, kowane ɓangare da mutum shida har da mai tsaron raga, suna sanye da takalma masu ƙarfe a ƙasa da ke sulɓi a kan ƙanƙarar, suna kora wani ɗan faifan roba da sanda mai lanƙwasa, cikin zango uku na minti ashirin-ashirin. An kafa ƙungiyar hoki ta rundunar sojan Sobiyat a 1946, shekarar da aka soma gasar wannan wasa a ƙasar, kuma kafin rushewar Tarayyar ta ci gasar sau 32, ciki har da sau 13 a jere daga 1977 zuwa 1989, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai sau 20. A daren 31 ga Disamba 1975 ta yi canjaras 3-3 da Montreal Canadiens ta Kanada, wasan da masana hoki ke lissafawa cikin mafi ƙayatarwa da aka taɓa yi. Masu horarwa biyu ne suka gina wannan daula, Anatoli Tarasov wanda ya ƙirƙiro salon wasan Sobiyat mai dogaro da miƙa wa juna da gudu, da Viktor Tikhonov wanda ya karɓi ragama a 1977; 'yan wasa irin su mai tsaron raga Vladislav Tretiak da Valeri Kharlamov da Viacheslav Fetisov kuwa su ne ƙashin bayan tawagar ƙasar a gasar Olamfik da ta duniya.

Sirrin wannan rinjaye bai tsaya ga ƙwarewar masu horarwa ba. Aikin soja tilas ne a kan samarin Sobiyat, don haka duk matashin da ya yi fice a wata ƙungiya ana iya kiransa aikin ƙasa a tura shi ƙungiyar soja, a ba shi muƙamin hafsa, ya zama barin ƙungiyar tamkar gudu ne daga bakin aiki. Tikhonov kan tsare 'yan wasa a sansanin horo kusan wata goma sha ɗaya a shekara, nesa da iyalansu, lamarin da Igor Larionov ya fito fili ya soka a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa da mujallar Ogonyok ta buga a 1988. Da ikon hukuma ya soma sassautawa sai ginin ya tsage: Alexander Mogilny ya tsere zuwa Amurka a 1989, Fetisov ya sami izinin tafiya a wannan shekarar bayan doguwar taƙaddama, Sergei Fedorov ya bi a 1990, Pavel Bure a 1991. Ƙungiyar da ta gagari duniya ta talauce har ta kai a 1993 ta shiga haɗin gwiwa da masu ƙungiyar Pittsburgh Penguins ta Amurka don ta rayu, kuma ba ta dawo cikin hayyacinta sosai ba sai da kamfanin mai na Rosneft, wanda gwamnatin Rasha ke da babban hannu a cikinsa, ya ɗauki nauyinta a farkon shekarun 2010. Daga nan ta ci kofin Gagarin, babban kofin gasar KHL da aka kafa a 2008, a shekarun 2019 da 2022 da 2023, biyun ƙarshe a hannun Fedorov ɗin nan da ya taɓa guje mata. Wato dai sau biyu ta yi tashe, kuma duka biyun da hannun hukuma.

Bambancin da ke tsakanin ƙungiyoyin biyu ya fi kamanninsu muhimmanci. Hukumar Sobiyat ta riƙe kuɗi ta kuma riƙe mutane, tana da makarantar horar da yara da iko a kan tafiyar ɗan wasa. Gwamnatin Kano kuwa kuɗi kawai take riƙe da shi, shi ma yakan zo a makare, kuma babu wanda zai yi fatan ta sami irin wancan iko na tilas. Abin da ya rage wa ƙungiya a irin wannan hali shi ne ta rayu da abin da kasuwar ƙwallo ke bayarwa, wato kuɗin ƙofa da tallace-tallace da ribar sayar da 'yan wasan da ta rena da kanta. Tarihin Ahmed Musa ya nuna giɓin da ke nan. Haifaffen Jos ne, makarantar ƙwallo ta GBS ce ta rene shi ta ba da aronsa ga Pillars, inda ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010, adadin da ya kafa tarihi a gasar a lokacin. A 2010 ya tafi VVV-Venlo ta Holan, a 2012 ya koma CSKA ta ƙwallon ƙafa, wadda ta fito daga tsatso ɗaya da ta hokin ko da yake yanzu kowacce cin gashin kanta take yi, ya ci gasar Rasha sau uku tare da ita, sannan Leicester City ta Ingila ta saye shi a 2016 kan kuɗin da ya haura fam miliyan 16. Kano ce ta fito da shi idon duniya, amma manyan kuɗaɗen cinikinsa a tsakanin ƙungiyoyin Turai suka zagaya. Sani Kaita, wanda shi ma ya yi wasa a Rasha, da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato, wanda ya ci lambar tagulla a Olamfik ta 2016, duk ta Pillars suka bi suka fita. Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele, shi ne ya zauna har ya haura shekara arba'in yana zura ƙwallo, kuma irin ƙaunar da Kanawa ke yi masa na da nasaba da wannan zama.

Shekarun da suka biyo bayan kambunan sun cakuɗa wa Pillars daɗi da ɗaci. A wasan ƙarshe na kofin ƙalubale na 2018 a Asaba, Pillars ta yi gaba da ci uku, Enugu Rangers ta farke duka ta kuma ɗauke kofin a bugun fenariti. A 2019 Pillars ta huce haushi a Kaduna, inda ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti ta ɗauki kofin karon farko. A 2022 kuwa, bayan hargitsin da ya ɓarke a wasanta da Katsina United a Kano, aka ci ta tara aka cire mata maki uku, ta kuma ƙare kakar a cikin waɗanda suka faɗa rukunin 'yan dagaji, tare da Katsina United ɗin da Heartland da MFM ta Legas. Taron jama'ar da ya sa filin Ƙofar Mata ya gagara shi ne kuma ya jawo mata hukunci. Ta dawo babbar gasa a 2023.

Idan aka dubi lamarin daga arewacin Zamfara, wato Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, sai iyakar wannan tsari na ƙungiyar gwamnati ta ƙara bayyana. Jihar Zamfara, wadda aka cire daga Sakkwato a 1996, ta bi sahun sauran jihohi ta riƙe ƙungiyarta, Zamfara United, mai wasa a filin tunawa da Sardauna da ke Gusau, wadda ta yi wasu shekaru a babbar gasa kafin ta faɗi. Tunda ƙungiyar jiha a babban birni take zama, kuma kasafinta na gogayya da albashi da asibiti da tsaro, matashin da ke buga ƙwallo a filin makaranta a Zurmi ba shi da tsani bayyananne da zai taka ya kai ga gasar ƙwararru, sai dai ya yi ƙaura zuwa Gusau ko Kaduna ko Kano bisa sa'a da sanayya. Ƙaura gari ne da ya saba da hulɗa da nesa, tun da layin dogo ya iso shi a 1929 ya zama tashar ƙarshe ta jigilar gyaɗa da auduga, ga kuma kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke tara matasa daga sassa daban-daban. Duk da haka abin da ya fi haɗa matasan yankin da ƙwallon ƙwararru a yau shi ne gidan kallo, inda ake biyan kuɗi a kalli Arsenal da Barcelona da Real Madrid. Matsalar 'yan bindiga ta ƙara dagula al'amari, domin wasa na buƙatar taro da hanya, kuma a Satumban 2021 sai da aka rufe kasuwannin mako aka katse layukan waya a jihar. Haɗarin hanya bai bar manyan ƙungiyoyi ba ma, tunda a Maris na 2015 'yan fashi sun buɗe wa motar Pillars wuta a kan hanyarta ta zuwa Owerri, suka raunata 'yan wasa biyar.

Sai dai wannan yanki na da nasa misalin na wasan da ya rayu ba da kasafin gwamnati ba, wato dambe. Asalinsa wasan mahauta ne da akan yi da kaka bayan an kawar da amfanin gona, ana bin garuruwa da kasuwanni, kuma tattalin arzikinsa a bayyane yake: ɗan dambe na da ubangida, makaɗi na zuga shi, 'yan kallo na yi wa gwani da makaɗinsa kari nan take, sunan da ɗan damben nan Shago ya yi ta bakin makaɗi Ɗan Anace kuwa ya fi ƙarfin kowace talla. Da wasan ya koma birane, a Kano da Dei-Dei ta Abuja da sauran wurare, sai ya zama ana shiga gidan dambe da kuɗin ƙofa, 'yan wasa kuma suka kasu ɓangarorin Kudu da Arewa da Guramada, kowanne da magoya bayansa. Ba za a ce dambe ya wadata 'yan wasansa ba, kuma ɗawainiyar ƙungiyar ƙwallo mai 'yan wasa talatin da ke zagaye Najeriya ta ninka ta gidan dambe sau da yawa. Abin lura kawai shi ne, Bahaushe ya saba biyan kuɗi don kallon wasan da yake so, kuma mai gidan dambe ya san adadin waɗanda suka shigo masa domin da shi zai sallami kowa a daren.

Masu kare riƙon gwamnati na da hujjar da ba za a raina ba. Ƙungiyoyi masu zaman kansu da dama sun taso a Najeriya sun mutu cikin 'yan shekaru, kuma Enyimba, wadda ita kaɗai ta ci wa ƙasar kofin zakarun Afirka, a 2003 da 2004, mallakar gwamnatin Jihar Abiya ce. Gaskiya ne kuma da gwamnati ta janye hannu rana ɗaya, Pillars na iya shiga halin da CSKA ta shiga a farkon shekarun 1990. Amma wannan hujja na tabbatar da buƙatar tallafi ne, ba ta tabbatar da cewa shugabancin ƙungiya ya riƙa sauyawa da sauyin gwamna ba, ko a riƙa gudanar da ita kamar wani sashe na ma'aikatar wasanni. A 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta naɗa Ahmed Musa, wanda ya dawo ƙungiyar a 2021 ya sake dawowa a 2024, a matsayin babban manajanta, mutumin da ya ga yadda ake tafiyar da ƙungiya a Holan da Rasha da Ingila da Saudiyya da Turkiyya. Naɗin kansa daga gidan gwamnati ya fito, kamar na waɗanda suka gabace shi. Abubuwan da za a auna zamaninsa da su sun haɗa da ko za a riƙa bayyana kuɗin da ake samu a ƙofar filin Sani Abacha, ko ƙungiyar matasa ta Pillars za ta riƙa ɗaure yaranta da kwantiragin da zai dawo mata da kaso idan an sayar da su gaba, da kuma ko masu neman 'yan wasanta za su riƙa isa gasannin unguwa na garuruwa irin su Ƙaura da Shinkafi.